Tsohon soja ba gadi kaɗai ya iya ba

Assalamu alaikum Edita. Don Allah a ɗan sam min fili in yi magana kan mazan jiya, ba zancen haƙƙoƙinsu ba da kowa ya ga yadda suka tare ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja a 2025, a'a, zancen neman aiki bayan an ajiye kaki.

Yayana shekara 22 ya yi a soja, daga Defo na Zariya, inda ake horar da sababbin sojoji, ya fara, ya je Saliyo lokacin ECOMOG, wato rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, ya je Darfur, ƙarshe Borno. Bakanike ne na manyan motoci, mutumin da zai shiga ƙarƙashin mota a tsakiyar daji da tocila a baki kuma kafin asuba ta tashi, don in ba ta tashi ba kowa ya san abin da zai biyo baya. To wallahi ranar da na raka shi wani kamfanin sufuri nan Kaduna, manajan ya karɓi takardar sallamarsa ya juya gaba ya juya baya, sai cewa ya yi "Oga ai gadi kawai muke da shi, dubu 40 a wata." Ko mafi ƙarancin albashi na dubu 70 bai kai ba fa! Yaya bai ce uffan ba, ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu, a garejinsu kuwa ga tireloli uku a kwance suna jiran mai gyara.

Na san akwai cibiyar Oshodi a Legas da ke koya wa sojoji sana'a na wata shida kafin ritaya, kiwon kaji, kiwon kifi, ɗinki da sauransu, madalla, amma wanda ya riga ya iya sana'arsa fa? Shi takarda yake buƙata wadda farar hula za su karanta su gane. Me zai hana direbobin soja da bakanikai da masu haɗa waya a yi musu gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago tun suna cikin kaki, su fito da satifiket ɗinsu a hannu?

Su kuma masu cewa wai tsohon soja zafin kai gare shi, ku zo ku ga Yaya yanzu a bakin titi ƙarƙashin bishiyar darbejiya yana gyaran Keke Napep, har yara biyu yake koya wa aiki.

Naku,
Mai karatu daga Rigasa, Kaduna