Sanarwa kan busa taba a mota da cikin tasha

Assalamu alaikum ƴan'uwa direbobin layin Katsina zuwa Daura, barkanmu da war haka.

Ƙorafi ya yi yawa daga fasinjoji, musamman iyayenmu mata, kan yadda wasu ke kunna sigari ana cikin lodi, ko kan hanya da zarar an wuce Mashi. To mu sani, akwai doka a kan wannan. Dokar Taƙaita Shan Taba ta Ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2015, ta hana busa taba a motocin haya, da makarantu, da asibitoci, da gidajen abinci. Wanda aka samu da laifi, tararsa ba ta gaza naira 50,000 ba, ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun. Ku lissafa lodi nawa ke nan.

Wani zai ce ai gilas a buɗe yake. Malam, hayaƙin baya yake komawa, kan mai goyo da tsoho mai asma. Kuma dokar ta ɗora wa mai wuri nauyin hanawa, don haka ko fasinja ne ya kunna, kai direba ke da hakkin ce masa ya kashe. A faɗa masa cikin ladabi, ban da zagi.

Masu tireda a bakin tasha, Allah ya ba ku haƙuri, dokar ta hana sayar wa yaron da bai kai shekara 18 ba, ko da aiko shi aka yi, ta kuma hana sayar da kara-kara.

Duk mai buƙatar takardar "An hana shan taba" ta liƙawa a mota, ya same ni a rumfa bayan La'asar.