Amsa ga Yaya: dalilin da ya sa na haɗa wakilin mai gida a ƙarata

Yaya, ranka ya daɗe.

A taron 'yan haya da ya gabata ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni: in ma na ga dole sai na kai mai gidanmu kotu, me ya sa na haɗa da wakilin da ke kula da gidan, alhali shi ɗan aike ne kawai? Ka ƙara da cewa tashi ya fi shari'a sauƙi. Ban ba ka amsa ba a ranar domin raina a ɓace yake. Tunda a fili ka yi tambayar, ga amsar a fili.

Wata bakwai rufin ɗakin yarana yana yoyo. Bango ya jiƙe, baƙar fumfuna ta bi shi tun daga ƙasa har silin, ruwa yana tsiyaya ta jikin wayar lantarki. Masai ya toshe, ƙazanta ta riƙa dawowa cikin bayi. Ƙaramar 'yata ta kama tarin da ke hana ta barci, likita ya rubuta a takarda cewa danshin ɗakin yana tayar mata da asma. A duk wannan lokacin ban taɓa jinkirta kuɗin haya ba.

Mai gidan ban taɓa sa shi a ido ba. Wakilin ne ya nuna mini gidan, shi ya miƙo mini yarjejeniya na sa hannu, shi ke karɓar kuɗi ya yanka rasit, kuma daga cikin kuɗin nan ake biyansa ladansa. Sau tara na rubuta masa. Sau biyu ya amsa da cewa mai gyara na nan tafe. Da na aika wa mai gidan wasiƙa kai tsaye, sai ya ce ba a taɓa gaya masa ba. Shi kuma wakilin ya ce ya faɗa, kuɗi ne aka hana shi. To Yaya, ɗayansu bai faɗi gaskiya ba, kuma daga inda nake zaune ba ni da hanyar sanin wanne. Da mutum ɗaya na kai, da zai tsaya gaban alƙali ya ɗora laifin kan wanda ba ya wurin. Yanzu kowannensu zai kawo takardunsa, a duba su a gaban ɗayan.

Na san matsayinsu ba ɗaya ba ne. Lauyana ya fayyace mini tun farko: yarjejeniyar haya tsakanina da mai gida take, nauyin gida ya zama mai zaunuwa a wuyansa yake, kuma a mafi yawan dokoki in ka sanar da wakili to kamar ka sanar da mai gidan ne. Abin da nake tuhumar wakilin da shi sakacinsa ne na kansa: ya shigo da ƙafarsa, ya ga ruwa a kan waya, ya tafi bai yi komai ba. Mai yiwuwa kotu ta sallame shi. In ta yi haka bayan ta ga hujja, zan karɓa.

Kuma ba ni na ƙirƙiro wannan haƙƙi ba. A 1970 wata kotun ɗaukaka ƙara a birnin Washington na Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Javins, inda 'yan haya suka ce an karya ƙa'idojin gidaje kusan sau 1,500 a gidajen da suke ciki. Kotun ta ce duk wanda ya ba da gida haya ya ɗauki alkawarin gidan zai zaunu, ko ba a rubuta hakan ba. Ingila ta yi dokarta a 2018, wadda ta ba ɗan haya damar kai mai gida ƙara da kansa in gidan bai dace da zaman ɗan Adam ba. Duk da haka, a Disambar 2020 wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a garin Rochdale na Ingila, kuma binciken da aka kammala a 2022 ya tabbatar da cewa daɗewa cikin fumfuna ne sanadi. Iyayensa sun yi ta kai kuka. Ranar da na karanta labarin nan, 'yata na tari a ɗaki na kusa.

Batun tashi kuwa, na yi tunaninsa. Kuɗina na hannunsu, sabon gida yana buƙatar wani kuɗin, ga makarantar yara. In kuma na kwashe kayana shiru, fenti za a shafa a kan fumfunar a sa wani mai iyali.

Akwai abu ɗaya da ka faɗa wanda na yarda da shi: shari'a na cin lokaci da kuɗi, tana kuma ɓata zumunci. Shi ya sa ban ruga ba. Na ɗauki hotuna masu kwanan wata, na adana rasit da kowane saƙo, na karɓi takardar likita, na nemi jami'in duba gidaje ya zo ya rubuta abin da ya gani, na ba su wa'adi a rubuce. Wasu sun ce in daina biyan haya. Na ƙi, domin a wurare da yawa wannan kaɗai ya isa a fitar da mutum, sai inda doka ta yarda a ajiye kuɗin a hannun kotu.

Abu uku nake nema: a gyara gidan, a mayar mini da wani ɓangare na hayar watannin da ɗakin bai zaunu ba, a biya kuɗin asibiti. An kai musu sammaci. In kana da sarari ranar zaman farko, ina so ka zo mu tafi tare, amma ka fara biyowa ta gida ka ga bangon.

Ƙaninka.