Wa ke riƙe da sitiyarin tankar mai bayan isha'i?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan direbobin tankokin mai da na gas, da batun bincikar tarihinsu kafin a damƙa musu mota. Ni ma tsohon direban tanka ne. Gwiwa ce ta sauke ni, yanzu taya nake sayarwa a bakin hanyar Tanut, inda tankokin suke wucewa ta gabana dare da rana.

Tun da aka buɗe matatar SORAZ a watan Nuwamba na 2011, Damagaram ta zama mahaɗar tankoki. Matatar tana arewa da gari, wajen kilomita 50, kuma an gina ta ne don ta tace ganga 20,000 a rana. Ɗanyen man bututu ne yake kawo shi daga Agadem, amma abin da aka tace, fetur da gazuwal da gas, a bayan mota yake fita. Babban bututun da ya tafi Benin ma ɗanyen mai yake ɗauka, bai rage mana tanka ko ɗaya a kan kwalta ba. Wata ta yi gabas ta Mirya da Gure zuwa Difa, wata ta yi arewa zuwa Agadas, wata ta bi Tirmini da Takeita da Maraɗi har Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. Kowace ɗaya tana ɗauke da lita 30,000 ko 40,000 ko fiye, kuma duk garin da ta ratsa, ta bakin kasuwarsa da ƙofar makarantarsa take bi.

Wasu manyan kamfanoni suna yi wa direbobinsu horo da gwaji na kansu, kuma na yaba musu. Amma a wurin mai mota ɗaya ko biyu, yawanci ba a wuce tambaya biyu: kana da farmi, wa ya san ka? Farmin nan kuwa, wato takardar izinin tuƙi, shi ne dai a aljihun mai ɗaukar siminti ko albasa. Ya nuna mutum ya iya kwana da baya-baya da karanta alamun hanya. Bai nuna ya san cewa tururin fetur ya fi iska nauyi ba, cewa ƙasa yake bi ya kwanta a kwari da lambatu har ya tarar da garwashin mai shayi can nesa. Bai nuna ya san yadda mai yake tunkuɗa mota gaba idan aka taka birki da ƙarfi alhali tankin bai cika ba. Balle ya nuna halinsa.

Ba sai na tuna wa 'yan ƙasar nan daren 5 ga Mayu na 2019 ba, da tanka ta kife kusa da filin jirgin Diori Hamani a Yamai, mutane suka taru da jarkoki, wuta ta tashi, fiye da mutum 50 suka mutu a daren, wasu kuma suka cika daga baya a asibiti. A Majiya ta jihar Jigawa, maƙwabtanmu na kudu, a watan Oktoba na 2024 an rasa fiye da mutum 150 a irin wannan hali. Allah ya jiƙan su da rahama. Ban ɗora wa direbobin waɗannan motoci laifi ba. Abin da nake nufi shi ne, daga lokacin da tanka ta faɗi zuwa isowar jandarma da 'yan kwana-kwana, babu wani a wurin da ya san abin da ke cikinta sai direba da yaronsa. Idan su biyun suna cikin hayyacinsu kuma an koya musu abin yi, za su iya kashe batir, su hana babur matsowa, su nemi mai gari ya taya su korar jama'a. Idan kuwa ba su san komai ba, ko sun tsere don tsoron duka, sai abin da Allah ya yi.

Akwai kuma ɓangaren tsaro, wanda shi ne ya fi damun hukuma. Tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Difa a Fabrairun 2015, aka hana hawa babur, aka taƙaita sayar da mai a wasu yankunan, kowa ya gane cewa 'yan bindiga ba sa motsi sai da fetur. Tanka guda da ta ɓace a hanya, ko wadda ake tatsa kaɗan-kaɗan a wani lungu, za ta iya shayar da baburan daji na tsawon lokaci. Saboda haka duk wanda ya ce a binciki direba kafin a ba shi irin wannan kaya, ina bayansa.

Masu wannan kira sukan kawo misalin Amurka. Bayan harin 11 ga Satumba na 2001 sun yi doka, kuma daga 2005 duk direban da yake son izinin ɗaukar kaya masu haɗari sai hukumar tsaron sufuri ta TSA ta ɗauki zanen yatsunsa, ta duba ko an taɓa yanke masa hukunci, ta duba matsayin zamansa a ƙasar. Ana sabunta binciken duk shekara 5. Laifuka irin su ta'addanci da leƙen asiri da cin amanar ƙasa suna hana mutum har abada. Wasu laifukan kuma na ɗan lokaci ne: idan hukuncin ya haura shekara 7, kuma mutum ya yi shekara 5 da fitowa daga kurkuku, ƙofa ta buɗe. Wanda aka hana yana da damar ɗaukaka ƙara ko neman a yi masa sassauci. Turai kuma suna da yarjejeniyar ADR ta dakon kaya masu haɗari a kan hanya tun 1957, wadda ta wajabta wa direba horo na musamman da takardar shaida mai shekara 5. Allon nan mai ruwan lemo da ake gani a bayan wasu tankokinmu daga can ya samo asali: 33 a sama da 1203 a ƙasa fetur ne, 30 da 1202 gazuwal ne. Na sha tambayar matasan direbobi da suke tsayawa sayen taya ma'anar lambobin da ke manne a motarsu, sai su yi dariya su ce haka aka sayo ta.

To amma, Malam Edita, tsorona shi ne a kwaso wannan tsari a sauke mana shi ya koma takarda guda, wato kaziye, takardar kotu da ke nuna ko an taɓa ɗaure mutum. Kamar yadda aka saba, a kotun inda aka haifi mutum ake karɓarta, kuma wata 3 take aiki. Direban da aka haifa a Tawa ko Doso yana aiki a nan, sai ya ajiye mota ya tafi, ko ya aika wani. Da yawa daga cikinmu kuma takardar haihuwarmu alƙali ne ya yi mana ita muna da gemu, an rubuta an haife mu wajen shekara kaza, sunan ma yau a rubuta shi da harafi kaza, gobe da wani. Wanda ya yi ɓarna a Kano ko Agadas da wani suna zai iya kawo kaziye fara tas. Mai tatsar mai da ba a taɓa kama shi ba, shi ma tasa fara ce. A ƙarshe mai gaskiya ya yi asarar kuɗin mota da kwanakin aiki, mugu kuma ya wuce da tambarin hukuma a hannu.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami ma bai kai ga kunnen masu tsara doka ba, domin ba a ganinsa daga ofis. Wanda sunansa yake kan takardar lodi ba kullum shi ne yake tuƙi ba. Duk wanda ya yi wannan sana'a ya san haka. An yi kwanaki ana jiran layi, an yi lodi da yamma, an wuce shingen fita gari, an yi isha'i a hanya. Barci ya fara fizgar direba. Sai ya dubi yaron mota ya ce, «Kai, zo ka riƙe mini zuwa Tasawa», ya haye gadon da ke bayan kujera ya ja labule. Yaron nan wataƙila shekararsa 18 ko 19, ba shi da farmi, ba ya cikin rajistar kowa, wani lokaci mai motar ma bai san sunansa na yanka ba, sai dai laƙabin tasha. Da an hango fitilar shinge sai a tashi direba su sauya wuri, mota tana tafiya a hankali. Haka kusan dukkanmu muka koyi tuƙi, kuma ban raina hanyar ba, don ta fitar da gwanaye. Amma a lokacin buhunan gero da gyaɗa ke bayanmu.

Yaron motar nan shi ne yake kwana a ƙarƙashin tanka idan direba ya shiga gari. Shi ne ya san inda ake buɗe famfo ba tare da an taɓa dalmar hatimi ba. Shi 'yan ruwa-ruwa, masu sayar da mai a jarka a bakin hanya, suke fara yi wa magana, su miƙa masa jika biyu ko uku, domin sun san ba albashi gare shi ba, abin da maigidansa ya ba shi na abinci ne kawai. Duk binciken da ya tsaya a kan direba ya tsallake yaron mota, rabin aiki aka yi. A yi masa rajista, a ba shi kati mai hoto da zanen yatsa, a rubuta sunansa a takardar lodi kusa da na direba, a sa shi cikin horon. Idan tafiya ta kai ta Yamai ko Agadas, a wajabta direba na biyu mai farmi.

Sai maganar tramol, wadda ba a son yi a fili. Ba don nishaɗi yawancin masu sha suka fara ba. Idan ana biyan mutum a kan kowace tafiya, kuma mai mota yana bugo waya yana cewa gidan mai ya bushe, to zai nemi abin da zai hana shi barci. Mai shayin tasha ya san wanda ake jefa wa ƙwaya a kofi. Kaziye ba ta nuna wannan, gwajin likita ne yake nunawa, shi ma sai in ana yin sa ba zato a wurin lodi, tare da gwajin ido da hawan jini da ciwon suga. Kuma idan an kama direba, a tambayi mai motar awa nawa ya ba shi ya kai kayan. Mai motar ma ai mutum ne da ya kamata a san tarihinsa: motocinsa nawa suka faɗi, sau nawa kayansa suka isa da giɓi, yaushe rabon da ya sauya taya. A nan kam ina da shaida, don na ga mai tanka yana tayin tsohuwar taya da zarenta ya fito, ya ce a ɗaura a baya, ai ba a nan nauyi yake ba.

Muna da wani abu a gargajiyance da bai kamata a yar ba. A Damagaram ba a ba mutum 'ya sai an aika an tambayi unguwarsu, an ji wurin liman da abokan sana'arsa. Haka manyanmu suke yi kafin su ba yaro mota: sai wani dattijon direba ya tsaya masa, kuma idan yaron ya ci amana, dattijon ne yake jin kunya a tasha. Wannan lamuni ya fi kaziye sanin mutum. A mayar da shi rubutacce: direbobi biyu masu tsohon hannu daga ƙungiya da mai unguwa su sa hannu, a ajiye a rajista guda da za a iya dubawa daga Difa har Yamai, don kada wanda aka kora a nan saboda satar mai ya je Maraɗi gobe ya karɓi wata motar. Na san lamuni yana da nasa ciwon, akwai son kai da ɗan'uwantaka, shi ya sa na ce a haɗa shi da zanen yatsa da binciken kotu, kowanne ya toshe ɓarakar ɗayan.

Ina kuma roƙon kada a rufe ƙofa ruf. Garin nan cike yake da matasan da suka taɓa shiga gidan kaso saboda faɗan unguwa ko jarkar ruwa-ruwa, suka fito suka natsu, suka yi aure, mota ce abincinsu. Wanda aka samu da hannu a ta'addanci ko safarar makamai, wannan babu zancen sassauci. Amma wanda ya yi dambe yana ɗan shekara 20 bai kamata a hana shi aiki yana ɗan 35 ba. Amurkar da ake misali da ita ma ta sa wa'adi. Idan aka kore su duka, hanyar fasa-ƙwauri za su koma, can kuwa ba mai tambayar kowa takarda. Kuɗin binciken kuma ya hau kan masu motoci da kamfanonin da ake yi wa dako, a yi komai a ofis guda a nan Damagaram kusa da inda ake lodi, ranar da direba yake zaman jiran layi.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka aika wakilinka ya zauna da ma'aikatar sufuri da hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER da kamfanin mai na ƙasa SONIDEP da ƙungiyar direbobi, ya tambaye su ko akwai rajistar yaran mota, da kuma wanda yake duba awannin da direban tanka yake yi a kan hanya. In zai zo tasha, ya zo bayan magariba lokacin da motoci suke shirin tashi, kuma ya fara da yaran kafin iyayen gidansu. Shagona yana bakin hanya, zan raka shi.

Na gode. Wassalam.

Naka,
Tsohon direban tanka,
Hanyar Tanut, Damagaram