Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hajiya Mai Tura Lalle Turai

Assalamu alaikum Hajiya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ji tambayar da kika aiko mini a shirin rediyo na makon jiya, kuma da yake lokaci bai ba mu damar warware ta ba, na ga ya dace in amsa miki a rubuce. Kin ce kina tura lalle da turaren wuta daga Kano zuwa ga masu saye a Turai, kuma kamfanin da ke kai miki saƙo ya ce idan kika ƙara ɗan kuɗi, kwalinki zai isa ba tare da ya ƙara wa duniya hayaƙin da ke ɗumama yanayi ba. Kina son sanin ko gaskiya ne, da kuma ko za ki iya buga wannan magana a jikin kayanki. Shawarata ita ce kada ki buga, ko da kin biya.

Motar da ta kai kwalin filin jirgin Malam Aminu Kano ta sha mai, jirgin da ya haye Sahara da shi ya ƙona nasa, kuma babu kuɗin da zai dawo da wannan hayaƙi daga sama. Abin da akasarin kamfanoni ke yi da ƙarin kuɗin shi ne su sayi takardar kabon, wato shaidar cewa an hana tan 1 na iskar kabon tashi a wani wuri dabam, ta hanyar kare daji ko raba murhu mai tsimin itace, sannan su ce an yi canjaras. A kan wannan lissafi ne gidan waya na Ostiriya ya fara irin wannan da'awa a 2011, na Faransa kuma a 2012.

Rauninsa shi ne an gina shi a kan abin da bai faru ba. Mai sayar da takardar yana cewa da ba don kuɗinsa ba da an sare wannan daji, alhali babu mai iya zuwa ya gani da idonsa ko da ma za a sare shi. Kamar wanda ya zuba shara ne a ƙofar gidanki, ya ce kada ki damu, ya biya wani mutum a wani gari ya fasa zubar da tasa. A watan Janairun 2023 jaridar Guardian ta Ingila da Die Zeit ta Jamus sun wallafa binciken da ya ce fiye da kashi 90 cikin 100 na takardun kare dazuzzuka da Verra, babbar mai tantance su a duniya, ta amince da su ba su nuna alamar rage hayaƙi na haƙiƙa ba. Verra ta musanta, amma tun daga lokacin masu sayen takardun suka fara ja da baya.

Batun murhu ya fi kusa da mu, kuma ya fi damuna. DHL, mai harkar kai saƙo, ta ɗauki nauyin raba wani murhu mai suna Save80 a ƙasar Lesoto domin samar wa kanta takardun kabon, kuma irin wannan murhu ne ƙungiyar atmosfair ta Jamus ke ƙerawa a nan Kano. Murhun ƙarfe ne da ke dafa abinci da 'yan ƙirare kaɗan, kuma duk matar da ta daɗe tana hawaye a gaban ɗanyen itace ta san amfaninsa, don haka ba na raina shi ko kaɗan. Amma kin fi ni sanin cewa ranar suna, idan aka ɗauko babbar tukunyar tuwo, murhun duwatsu uku ake komawa, kuma gidaje da yawa suna haɗa tsohon da sabon. Lissafin da ya ɗauka cewa an bar tsohon kwata-kwata zai fitar da takardun da yawansu ya wuce hayaƙin da aka rage a zahiri. Masana na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun gano a 2024 cewa ayyukan murhun da suka duba an kumbura sakamakonsu kusan ninki 9.

Akwai kuma dalilin doka, wanda ya shafi kasuwarki kai tsaye. A watan Yunin 2024 babbar kotun tarayya ta Jamus ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin alewa na Katjes cewa mai tallar da ya ce kayansa ba ya cutar da yanayi dole ne ya bayyana a cikin tallar ko rage hayaƙi ya yi ko takarda ya saya. Tarayyar Turai ma ta zartar da doka a 2024, mai fara aiki ranar 27 ga Satumban 2026, da ta haramta a ce kaya ba ya cutar da yanayi idan hujjar ita ce sayen takardun kabon. Maganar da kike so ta jawo miki masu saye tana iya jawo wa dillalinki na can matsala.

Idan kina son biyan kuɗin, ki fara tambayar kamfanin wane aiki ne za su zuba shi a ciki, kuma wa ya tantance shi. Wasu kamfanonin sun koma sayen man jirgi da ake haɗawa daga tsohon man girki, kamar yadda DHL ke yi a tsarinta na GoGreen Plus, kuma wannan ya fi mini takardar daji, domin a harkar sufurin kanta ake rage hayaƙin, ko da yake a 2024 irin wannan mai bai kai kashi 1 cikin 100 na man jiragen duniya ba. Abin da ke hannunki ya fi duk wannan tabbas: ki rage girman kwali da nauyin abin naɗi, ki tara odar dillali ki tura a lokaci ɗaya, kuma lallen da ba ya saurin lalacewa ki bi da shi ta jirgin ruwa daga Legas, domin hayaƙin jirgin sama a kan kowane kilo ya ninka na jirgin ruwa fiye da sau 10. Wannan kam idan kin yi shi, kina iya rubuta shi a jikin kwalinki yadda yake.

Allah Ya ƙara buɗi. Wassalam.