Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Hulɗa da Jami'o'in Ƙetare

Assalamu alaikum malamanmu, 'yan'uwa mambobi masu koyar da aikin jin daɗin al'umma da sauran darussan kimiyyar zamantakewa, da ɗalibanmu na digiri na biyu da na uku. Ga bayanin abin da kwamiti ya gudanar a bana da wuraren da aka samu cikas.

Mun fara da neman kowane sashe ya turo kwafin yarjejeniyar fahimtar juna da jami'arsa ta ƙulla da wata jami'ar waje. Yawancinsu shafi biyu ne ko uku, an ɗauki hoto ranar sa hannu, aka jefa a durowa. Wasu ma wa'adinsu ya ƙare ba wanda ya lura. Waɗanda ke da rai kuwa kamanninsu ɗaya: akwai sunan malami guda a kowane ɓangare da ke da alhakin amsa wasiƙa, akwai aiki takamaimai da ranar gama shi, an kuma faɗi wanda zai biya kuɗin jirgi da masauki. Saboda haka muka tsara shafi ɗaya mai ɗauke da waɗannan tambayoyi, muna roƙon shugabannin sassa kada su kai wata sabuwar yarjejeniya ofishin shugaban jami'a sai an cike shi.

Bitar Erasmus+

Bitar da ta fi jan mambobi ita ce ta shirin Erasmus+ na Tarayyar Turai mai tallafa wa musayar ɗalibai da malamai, ɓangaren da ake kira KA171, wanda ya shafi musaya da jami'o'in ƙasashe irin namu. Kuskuren da muka fi gyarawa shi ne zaton malami zai iya nema da kansa. Ba haka ba ne. Jami'ar Turai ce ke neman kuɗin daga hukumar ƙasarta, galibi ana rufe karɓa a Fabrairu, kuma a cikin takardar ne take ambaton jami'ar da za ta yi musaya da ita. Wanda ya tashi tuntuɓar takwaransa a Janairu ya makara. Tun Oktoba ya kamata magana ta fara. Ɗalibi na iya zama wata 2 zuwa 12. Malami kuwa daga kwana 5 zuwa wata 2, kuma idan koyarwa ce ta kai shi, ana bukatar aƙalla awa 8 a mako.

Inda kaya ke kwancewa shi ne bayan ɗalibi ya dawo. A Turai zangon karatu ɗaya kiredit 30 ne na ECTS, wato tsarinsu na auna nauyin karatu, kowane kiredit awa 25 zuwa 30, har da karatun da ɗalibi ya yi shi kaɗai a laburare. Yunit ɗinmu kuwa awannin aji yake ƙirgawa, awa ɗaya a mako na tsawon mako 15. Idan ba a zauna an daidaita kwas da kwas ba, hukumar sashe ta amince a rubuce kafin tafiya, ɗalibi zai dawo a ce ya maimaita zango. Ɗaliban aikin jin daɗin al'umma sun fi shan wuya, domin horon da suke yi a asibiti ko gidan marayu ko gidan gyaran hali sai da mai duba su wanda sashe ya yarda da shi. Ga kuma kalandar karatu: tun yajin aikin wata takwas na 2022, jami'o'inmu da dama ba su koma fara shekara a Satumba ko Oktoba ba, sai ka ga ana kiran ɗalibi Turai yana tsakiyar jarrabawa. A irin wannan hali shawararmu a fara da musayar malamai da 'yan digiri na uku, waɗanda kalanda ba ta ɗaure su sosai ba.

Kan biza, a taƙaice. Ta Shengen (rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya) ta gajeren zama kwana 90 ce a cikin 180. Wanda zai yi zango guda cur sai ya nemi ta dogon zama ta ƙasar da zai je, kuma ita ta fi cin lokaci. Ana iya shigar da takardu tun saura wata 6. Fasfo ya kasance yana da sauran wata 3 bayan ranar dawowa, inshorar lafiya kuma ta kai Yuro 30,000. Kuɗin biza Yuro 90 ne tun Yunin 2024, amma dokar ta yafe wa ɗalibai da masu tafiya bincike, in dai takardar gayyata ta faɗi haka ƙarara. Mambobi da yawa sun biya ba su sani ba.

Maƙwabtanmu na Nijar

Abin kunya ne a ce mun fi sanin sunayen farfesoshin Jamus da Ingila fiye da na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko ta André Salifou a Damagaram, ko ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, alhali matsalolin da muke nazari ɗaya ne: almajirci, auren wuri, cirani, 'yan gudun hijira. Cibiyar LASDEL da ke Yamai ta daɗe tana bincike kan yadda ake mu'amala da marasa lafiya a asibitoci da yadda ma'aikatun gwamnati ke aiki a zahiri, rahotanninta kuma suna intanet kyauta, sai dai da Faransanci. A bana mun sa 'yan digiri na uku masu jin harshen sun taƙaita wasu daga ciki da Hausa don karatun haɗin gwiwa.

Ziyarar ido da ido ba ta yiwu yadda muka so ba. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da rufe iyaka da ya biyo baya, da ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025, samun izinin tafiya daga jami'a ya ƙara wuya. Akwai kuma matsalar takardu: digirin farko a can shekara 3 ne, kiredit 180, maki kuma a kan 20 ake bayarwa, namu shekara 4 ne a kan 100. Makarantun manyan digiri namu kan yi jinkiri a kan irin wannan takarda, shi ya sa muka rubuta bayanin tsarin biyu wanda mai nema zai haɗa da takardunsa.

Fassarar tambayoyin bincike

Nan muka fi ɓata lokaci, kuma bai tafi a banza ba. Abokan aiki na waje kan turo takardar tambayoyi a shirye, a ce a fassara kawai. Sai a tambayi mutum "mutum nawa ne a gidanku?" ya ƙirga duk wanda ke shiga ta zaure ɗaya, 'yan'uwa maza uku da matansu da 'ya'yansu, alhali masu binciken waɗanda ke ci daga tukunya ɗaya suke nufi. Yaron da ke riƙo wajen gwaggonsa a rubuta shi maraya. Almajirin da iyayensa ke raye, da malaminsa da makwancinsa, a zuba shi cikin yaran da ba su da kowa. Kalmar "damuwa" kuma ta ɗauki komai, daga rashin kuɗin cefane har ciwon da ke bukatar likita. A Nijar akwai wani tarko na daban: da dala ake lissafin kuɗi, dala ɗaya sefa 5, don haka wanda ya ce yana samun "ɗari" sefa 500 yake nufi, jika kuma 1,000. Mai tattara bayanai daga Kano zai rubuta 100, kuɗin da gidan ke samu ya ragu ninki biyar a kan takarda.

Ƙa'idar da muka tsayar: mutum ɗaya ya fassara zuwa Hausa, wani da bai ga asalin ba ya mayar, a kwatanta, sannan a gwada a kan mutane kaɗan a unguwar da ba ta cikin binciken. Takardar neman amincewa a karanta ta da baki ga wanda bai yi boko ba, a gaban shaida, kuma izinin maigida ko mai unguwa ba ya maye gurbin na matar da za a yi wa tambaya. Izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'ar waje bai wadatar ba, sai an samu na gida. Idan za a tura muryoyi ko sunaye ƙetare, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafe mu, saboda haka a cire sunaye tun kafin a tura.

Ƙorafi ya sake zuwa mana na malaman da suka yi wata da watanni a ƙauyuka suna tattara bayanai, muƙala ta fito sunansu na cikin godiya kawai. Ba mu iya gyara waɗanda aka riga aka buga ba. Abin da muka ƙara a shafin yarjejeniya shi ne a rubuta jerin marubuta da wanda zai riƙe bayanan kafin a fita fili, kuma duk wanda ke son sunansa ya shiga sai ya sa hannu a nazari da rubutu.

Ranar aikin jin daɗin al'umma ta duniya, Talata ta uku a Maris, mun yi ta ta intanet tare da abokan hulɗa. Sabis ya yi ta yankewa, don haka daga yanzu kowane mai jawabi zai naɗi muryarsa ta minti 15 ya turo tun saura kwana uku. Mako biyu bayan haka zaman karatunmu ya watse, domin Turai ta sauya agogo a Lahadin ƙarshe ta Maris: Jamus da muke lokaci ɗaya da ita ta wuce mu da awa guda, Ingila kuma ta dawo daidai da mu. Yanzu da agogon Najeriya muke rubuta gayyata.

A shekara mai zuwa za mu yi bita kan guraben CODESRIA, majalisar bunƙasa binciken kimiyyar zamantakewa a Afirka da ke Dakar, da tallafin Commonwealth da ke ba ɗan digiri na uku damar yin wata 12 a Birtaniya yana nan da rajistarsa a gida. Mai sha'awa ya turo wa sakataren kwamiti taƙaitaccen bayanin bincikensa na shafi ɗaya da lambarsa ta ORCID, wato lambar shaidar mai bincike ta intanet. Sassan da ba su turo kwafin yarjejeniyoyinsu ba har yanzu, muna jira kafin babban taro.

Kwamitin Hulɗa da Jami'o'in Ƙetare