Destitute ba mabaraci ba ne, a gyara fassarar nan

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah ina da ƙorafi kan yadda jaridun Hausa ke fassara kalmar turancin nan destitute, kullum sai ku ce "mabarata", kuma gaskiya mu mazauna Legas abin yana mana ciwo don a kan ƴan uwanmu ake yawan faɗinta.

Kalmar daga Latin ta fito, destituere, wato a ajiye mutum a juya masa baya a tafi. Ta shiga turanci tun ƙarni na 14 da ma'anar wanda aka yasar, sai daga baya ta koma nufin wanda talauci ya kai shi maƙura, ba ci ba sutura ba wajen kwana. To ina bara a nan? Bara aiki ne da mutum ke yi, ita kuwa wannan hali ne da mutum ya tsinci kansa a ciki, kuma asalinta ma yatsa take nunawa ga waɗanda suka yar da shi.

Ku je Okobaba a Ebute Metta, gidan da ake kira Destitute Home, makafi ne da guragu da kutare yawancinsu mutanenmu na arewa da iyalansu, eh wasu suna fita bara amma ai ba don bara aka sa wa gidan sunan ba. Sannan akwai dattijon da ƙarfinsa ya ƙare a dako a kasuwar Mile 12, ba ɗa ba jika a kusa, kwana yake a rumfa kuma wlh ko zai mutu ba zai miƙa hannu ba. Shi ne destitute na ainihi, in kun ce mabarata kun share shi daga labarin kenan. A 2013 da gwamnatin Legas ta kwashi wasu mutane ta sauke a Onitsha har gwamnan jihar na lokacin, Fashola, ya zo ya ba da haƙuri, da wannan kalmar jaridun turanci suka kira su.

Ai Hausa ba ta rasa kalmomi ba, muna da gajiyayyu, muna da faƙirai da miskinai waɗanda aya ta 60 a Suratut Tauba ta fara ambata cikin masu cin zakka. Ni dai gajiyayyu ta fi kwanta min, don mai karatu yana jin ta zai tuna akwai haƙƙinsu a wuyansa. Ku gwada ta a bugu na gaba dan Allah.

Naku,
Mai karatu daga Agege, Legas