Ba mu muka shanye ruwan Jidda ba

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Wannan Daktan da kuka ɗauko mana a shirinku na rediyo ranar Lahadi, don Allah a ina ya taɓa kwana a Saudiyya in ban da otal? Da kunnena na ji shi yana cewa mutanenmu mazauna nan ba su san darajar ruwa ba, wai shi ya sa tara ba ta ƙarewa a kansu, wai kowane ɗayanmu lita 263 yake kwararwa a rana. Mai gabatar da shirin kuwa "to fa" kawai ta ce, ta wuce tambaya ta gaba. Ko ta ce masa, Dakta, lita 263 ɗin nan ta wane ne? Ba ta ce ba. Tun daren nan raina a ɓace yake, don an yi mana ƙazafi a gaban 'yan uwanmu na Kano da Zinder da Kumasi, kuma ba a kira ko mutum ɗaya daga cikinmu ya kare kansa ba.

Adadin nan ba ƙarya ba ne, amma na ƙasar ne gaba ɗaya. Hukuma ce ta faɗe shi lokacin da ta ƙaddamar da shirin tattalin ruwa na Qatrah a watan Maris na 2019, ta ce tana so a sauko da shi zuwa lita 200, sannan zuwa 150 kafin shekarar 2030. A cikin lissafin akwai mai katafaren gida da ciyawa shar a tsakar gidansa, akwai mai wurin ninkaya, akwai wanda direbansa ke wanke motoci uku kowace safiya. Duk aka haɗa, aka raba da yawan jama'a. Shi ne Dakta ya ɗauko ya rataya a wuyan Bahaushiyar da ke wanka da rabin bokiti.

Bari in gaya muku yadda muke, tunda ba ku tambaya ba. Mu talatin ne a gidan da aka gina wa iyali biyu. Ba son cunkoso ya sa ba. Tun da aka rushe tsofaffin unguwannin Jidda daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, su Ghulail da Fetromin da Karantina da Sabil, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi, kowa ya kwaso nasa ya raɓa da ɗan uwansa. Ni ce babba a gidan, saboda haka ni ke karɓar karo-karon kuɗin ruwa, ni ce kuma ake jin haushi idan na rufe dinamo. Ruwa ba kullum yake zuwa mana a bututu ba. Idan ya zo sai ya cika tankin ƙasa, dinamo ya tura shi tankin sama, daga nan kuma sai lallaɓawa. Akwai wani tsohon sandan mofa da na yi wa zane uku da wuƙa. Kowace asuba sai na ɗaga murfin tankin na zura shi. Idan jiƙon ya tsaya a zanen sama, a yi wanki. Idan ya sauko na tsakiya, wanki ya dakata, yara su yi wanka biyu-biyu. Idan ya taɓa na ƙasa, babu mai taɓa famfo sai don girki da alwala, kuma ko jikata 'yar shekara biyar ta san wannan doka.

Ruwan ɗaurayar injin wanki ba ya tafiya kwata a gidan nan, a baho muke tare shi mu kora bayi. Ruwan wanke shinkafa na tukwanen na'ana'a ne da ke kan taga. Ko ɗigon na'urar sanyaya ɗaki ba ma bari: kowace na'ura da jarkarta a ƙarƙashi, kuma da laimar Jidda, a lokacin zafi kafin gari ya waye jarkar ta yi nauyi, da shi ake goge tayil. Na taɓa zama na raba abin da mita ta nuna da yawanmu, ya kama wajen lita 80 kowane mutum. Ko rabin abin da hukuma ke fatan a kai a 2030 kaɗan muka ɗara. Mu ne masu almubazzarancin?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da ya ce tsarin kuɗin ruwan nan adalci ne tsantsa, wanda ya ɓarnatar shi ke biya. A takarda haka ne. Hawa-hawa ake lissafin, da kubik mita, wato lita dubu. Goma sha biyar na farko a wata halala 10 ne kowanne (halala ɗari ke riyal ɗaya), kusan kyauta. Daga 16 zuwa 30 riyal ɗaya. Daga 31 zuwa 45 riyal uku, daga 46 zuwa 60 riyal huɗu, abin da ya haura 60 kuma riyal shida. In gidan na haɗe da bututun ƙazanta a ƙara rabin wannan a kai. To, Malam Edita, ɗauko alƙalami. Mata da miji su biyu rak a gidansu, kowa na kwarar da lita 250 a rana, a wata sun sha kubik mita 15, kuɗinsu riyal ɗaya da rabi. Mu talatin masu lita 80, a kan mita ɗaya, mun sha 72, kuɗinmu ya haura riyal 190 tun kafin a sa na ƙazanta. Mita ba ta ƙirga kawuna. Ita dai ta ga gida ɗaya ya sha da yawa, ta ɗora shi a hawan ƙarshe. Akwai hanyar da mai gida zai bi ya yi rajistar yawan sassan gidansa don a raba lissafin, amma namu ya ƙi, don shi ya san yadda ya yayyanka gidan da katako da bulo, ba ya so a zo a gani. Ko da wasa Dakta bai ambaci wannan ba, ina kyautata zaton bai ma san da shi ba.

Ita ma tarar da yake ta nanatawa, ai mun sha ta. Awwamar tankinmu, wannan ƙwallon da ke toshe bututu idan tanki ya cika, ta daɗe da lalacewa. Mun faɗa wa mai gida, mun faɗa wa wakilinsa, kullum gobe. Wani dare ruwa ya zo da ƙarfi muna barci, tanki ya cika ya tumbatsa, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya malala titi. Da hantsi aka zo aka ɗauki hoto. Riyal 200. Mai gida ya aiko cewa mu ne a ciki, mu za mu biya, in ba mu so ga ƙofa nan. Muka haɗa muka biya, muka kuma sayi sabuwar awwama da kuɗinmu. Ni ban ga laifin dokar ba, ku rubuta wannan da kyau. Ƙasar da ba ta da kogi ko ɗaya mai gudu duk shekara dole ta hana a bar ruwa yana bin titi, dole ta hana wankin mota da tiyo. Amma kafin mutum ya hau rediyo ya ce yawan tara shaida ce ta halin ɓarna, ya kamata ya tambayi wa ke da tankin, wa kuma ke biya. Samarinmu da ke wankin mota, bokiti guda da tsumma suke gama mota da shi tas. Tiyon da ake bari yana zuba, a ƙofar manyan gidaje yake.

Kuma in dai da gaske maganar ruwan ƙasar nan ake, ai an bar jaki ana dukan taiki. Mafi yawan ruwan Saudiyya gona ce ke shanye shi, ba famfon ɗakin girki ba. Shekara da shekaru aka yi ana haƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa wanda ba ya dawowa, ana noma alkama a sahara har ana sayar wa ƙasashen waje. Hukuma da kanta ta ga abin ba mai ɗorewa ba ne, a 2008 ta fara rage sayen alkamar gida kaɗan-kaɗan har zuwa 2016, daga baya ta taka wa manyan gonakin ciyawar dabbobi birki. Nan ne babbar dokar tattalin ruwa take. Dakta bai ce uffan a kai ba, ya fi ƙarfi a kan butar alwalarmu. Sannan da aka ƙara kuɗin ruwa, takardun biya suka fara zuwa da lambobin ban tsoro a farkon 2016, 'yan ƙasa ne suka yi ta kuka har Sarki Salman ya sauke ministan ruwa a watan Afrilu na shekarar. Babu wanda ya hau rediyo ya kira su marasa tarbiyya. Sai mu.

Wurin da na tabbatar mutumin nan bai san inda yake magana a kai ba shi ne da ya ce in damina ta yi kyau za a sassauta dokokin. Wace damina? Ruwan da muke sha a Jidda na teku ne, ana tace gishirinsa, mafi yawa daga Shu'aiba can kudu da mu, wadda ita ke shayar da Makka da Ɗa'ifa ma. A watan Nuwamban 2009 an yi ruwan sama a garin nan wanda ya ci rayuka sama da ɗari, bai ƙara ɗigo ɗaya a tankin kowa ba. Idan fadar Sarki ta ba da sanarwar sallar roƙon ruwa muna fita, muna roƙo da zuciya ɗaya, saboda makiyaya da manoma da madatsun ruwan kudu, saboda kuma ibada ce. Amma farinmu na cikin gari a bututu yake: ranar da babban bututu ya fashe, ko aka tsayar da wani sashe don gyara, ko zafi ya tsananta kowa ya buɗe famfo lokaci guda. Ranar ne za ka ga ana neman wayit, motar ruwan nan, kamar ana neman magani. Wanda asusun ruwa ke da sunansa ya yi oda ya jira layinsa. Ɗan haya irinmu, da komai ke da sunan mai gida, sai ya bi ta hannun wani, ya biya abin da aka yanka masa. Ga abin da ya kamata ku tambaya: idan aka shiga irin wannan hali, wa ake fara ba wa, wa ke zama na ƙarshe?

Ya kuma janyo mana hadisin kada a yi ɓarnar ruwa ko da a bakin kogi ake, yana jan murya kamar yau muka musulunta. Allah ya saka masa, amma tun muna makarantar allo muka san Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da mudu yake alwala, da sa'i yake wanka. Kakana ga-ruwa ya yi a garin nan zamanin da babu famfo a gidaje, garwa biyu a sanda yana hawa benayen mutane da su, har ya rasu kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka. A gidan da aka tashi da wannan tarihin ba a barin famfo yana ɗiga. Akwai masu sakaci a cikinmu, ban ce babu ba, ina da maƙwabciyar da sai ta wanke tsakar gida sau biyu a yini. Amma ita kaɗai ce a layinmu, kuma kowa ya san ta da haka.

Da kun so amfanar mu, minti goma sun isa. Ku gaya wa mutane su rufe duk famfunan gida su tsaya kan mita, in tana juyawa to akwai yoyo a ɓoye, galibi a tankin ƙasa ko a bayi. Ku gaya musu su duba awwama kafin su karɓi makulli. Ku gaya musu kada su sa hannu a takardar haya sai an rubuta wanda gyaran tanki da tara ke kansa, su kuma tambayi ko mitar gidan an yi mata rajistar sassa nawa. Mutane da yawa ba su ma san ana iya ƙalubalantar takardar kuɗin ruwa idan ta zo ba daidai ba. Wannan ne ilimi, ba zagin mutane da lambobin da ba nasu ba.

Af, tunda na ɗauki alƙalami. Kullum da safe kuna faɗin farashin dala da fam da yuro a kasuwar canji, ba kwa taɓa faɗin na riyal. Mu nawa ne a nan muke aika wa gida kuɗi duk wata? Alhazai da masu Umara nawa ne ke neman riyal? Sai mun zauna muna raba farashin dala da 3.75, tunda dala ɗaya riyal 3.75 ce, mai canji kuma ya ce mana ba haka kasuwa take ba. Fam ɗin nan da kuke faɗa, mutum nawa ne cikin masu sauraronku suka taɓa riƙe shi? Ku gyara wannan ma.

Ina so ku sake shirin nan. Ku buɗe layi ga masu kira daga Jidda da Makka da Madina, ku sa shi a lokacin da ba mu shiga sallar Magariba ba, don kun san mun riga Najeriya da awa biyu. Ku dawo da Daktan ya zauna ya saurara. In ya ce lissafina ba daidai ba ne, takardun kuɗin ruwanmu na nan a ajiye cikin leda, zan ɗauki hotonsu in turo muku ya duba da idonsa. Kuma ku karanta wasiƙar nan gaba ɗayanta, kada ku yanke wurin lissafin.

Wassalam.

Taku mai sauraro,
wata uwa daga kudancin Jidda